Daga Mafoni Zuwa Barikin Giwa: Abin Da Soja Ke Bari A Cikin Ƙasa

Waɗanda ke Maiduguri a daren Laraba 30 ga Afrilu, 2025, wayewar Alhamis, ba sai na ba su labarin yadda garin ya kwana ba. Ƙarar fashewa ta riƙa tashi daga wajen Barikin Giwa ɗaya bayan ɗaya, sama ta yi ja, mutanen Fori da Galtimari da Polo suka fito da yara a kafaɗa, kowa na zaton abin da muka gani a ranar 14 ga Maris, 2014 ne ya dawo, wato ranar da 'yan Boko Haram suka afka wa wannan bariki. Da gari ya waye sai hukumomin soja suka ce ba hari ba ne, ma'ajiyar albarusai ce ta kama, kuma tsananin zafin bazara ne sanadi. Aka yi ajiyar zuciya, aka koma kasuwa. Ni kuwa tun daga ranar wata tambaya ta maƙale mini, wadda nake ganin ta fi shafar mu Hausawan da muka zauna a wannan gari fiye da yadda muke zato: idan albarushi ya ƙone, ko mai ya tsiyaye, ko soja ya naɗe tantinsa ya tashi, me ke saura a cikin ƙasar, kuma ina yake zuwa?

Kafin in shiga amsar, bari in ɗan koma baya, domin wanda bai san asalin Maiduguri ba zai ɗauka barikoki ne suka shigo gari. Alal haƙiƙa garin ne ya taso a gefen bariki. Bayan Faransawa sun kashe Rabe a Kusuri a 1900, Turawan Ingila suka shigo Barno a 1902, suka kafa sansanin sojansu a Mafoni, kusa da kogin Ngadda. Shehu Abubakar Garbai ya yi ƙoƙarin raya Kukawa, abin bai yiwu ba, sai a 1907 ya taso ya kafa Yerwa dab da inda Turawan suke. Iyayenmu fatake da mahauta da masu sana'ar hannu suka biyo hanya daga Kano da Haɗeja da Katagum da Damagaram, aka sami Hausari da Zango, daga baya Gwange ta cika. To, yau ka je Mafoni ka ce a nuna maka inda sansanin ya tsaya. Unguwa ce a tsakiyar gari, gida na jingine da gida. Wannan shi ne tsohon filin soja na farko da Maiduguri ta haɗiye, kuma an yi sa'a sojan wancan zamani bindiga da doki da ɗan albarushi kawai gare shi, babu tankin mai, babu sinadarin wanke inji.

Zamanin mai ya zo ne da jirgin sama. A 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Masar sun sauka a Maiduguri kafin su ƙarasa Kano. Amma babban aikin sai a yaƙin duniya na biyu. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1940, hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan su taso zango-zango: Ikko, Kano, Maiduguri, su ƙetare Chadi zuwa Jinaina da Fashir, su faɗa Khartum, su bi kogin Nilu zuwa Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Daga 1941 Amurkawa ma suka shigo, kamfanin Pan American ya karɓi aikin gyara filayen sauka. Mai karatu ya tuna cewa jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba sai 1964, saboda haka duk man da waɗannan jirage suka sha a nan, a cikin duro aka kawo shi bisa manyan motoci. Man jirgin yaƙi na lokacin kuwa da gangan ake zuba masa sinadarin dalma don injin ya ƙara ƙarfi.

Kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikin leburorin da suka zo daga ƙasar Haɗeja a waɗannan shekaru, aikinsa gangara duro daga mota zuwa rumfa. Yakan ba mu labari da dariya cewa duron da ya huje a hanya, abin da ya rage a ciki sai a tuntsurar a yashi, kafin ka juya ƙasa ta shanye, ko alama babu. Duron da ya ƙare kuwa ya zama dukiya, wani a fasa a yi ƙyauren ɗaki, wani a ɗauraye sama-sama a mai da shi randar ruwa. A wajensa wannan labarin arziki ne. Sai da na girma na gane cewa kalmar nan tasa, "ƙasa ta shanye", ita ce matsalar baki ɗaya, domin ƙasar Maiduguri ba ta shanye abu ta riƙe, miƙa shi take yi ƙasa.

Masana ruwan ƙarƙashin ƙasa sun daɗe da bayyana cewa a yankin Tafkin Chadi ruwan hawa uku ne. Akwai na sama, wanda ke cikin yashi daga 'yan mitoci kaɗan zuwa wajen mita 100, shi ne rijiyoyin gida da ƙananan rijiyoyin burtsatse ke kamawa, kuma ruwan sama da kogin Ngadda ne ke ciyar da shi. Sai a ratsa yumɓu mai kaurin gaske kafin a kai na tsakiya, can wajen mita 300, wanda da aka fara haƙa shi a ƙarshen shekarun 1950 da kansa yake tunkuɗowa sama da ɗuminsa ba tare da famfo ba. Na ukun yana ƙasa da mita 500. Na tsakiya da na ƙasa yumɓu ya yi musu rufi. Na sama ba shi da kowa sai yashi, yashi kuwa rariya ne. Yanzu sai mu tambayi kanmu, wane hawa talaka ke sha? Wane hawa 'yan garuwa ke cika jarkokinsu su tura kura zuwa lungunan Gwange da Bulabulin da Gamboru? Mai kuɗi da gwamnati ne ke iya haƙa mita 300. Sauranmu, masu sayar da ruwan da masu sayensa, a hawan sama muke, kuma kowa ya san su wane ne suka fi yawa a sana'ar garuwa a garin nan.

Na ga yadda abin ke tafiya da idona tun ina yaro, ko da yake ba soja ne sanadi ba. Rijiyar gidanmu ta fara warin kananzir, a hankali har shayi ya ƙi shayuwa. Aka yashe ta sau biyu, aka zuba alif, aka tafasa ruwan, duk a banza. Ashe wani garejin manyan motoci ne da ke can bayan layinmu, wanda ya shekara da shekaru yana zubar da baƙin mai da gas a rami. An rufe garejin, an sayar da filin, an gina gidaje, sannan warin ya iso mu. A ƙarshe rijiyar aka cike da ƙasa, muka koma sayen garuwa. Gareji ɗaya ke nan. Bariki kuwa ya haɗa gareji da gidan mai da filin harbi da ma'ajiyar makamai a wuri guda, na tsawon shekaru hamsin ko fiye.

Ƙasashen da suka tone tsofaffin sansanoninsu sun gano cewa kowane ɓangare da irin dattin da yake bari. Tudun da ake harbi a kansa cike yake da dalmar harsashi, ita kuwa ba ta ruɓewa, tana nan a saman ƙasa tana bin ƙura zuwa hannun yara da bakinsu. Inda bam ya fashe ko aka ƙona albarushi, ba duka ke cinyewa ba, ana samun ɓurɓushin sinadaran da ake kira TNT da RDX. Na farkon yakan manne wa ƙasa, na biyun kuwa da ruwan sama ya taɓa shi sai ya bi shi zuwa rijiya. Tankin fetur da ya tsufa yana sakin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Sinadarin wanke injuna da ake kira TCE ya fi ruwa nauyi, don haka nitsewa yake yi ya kwanta a gindin ruwan yana sakin guba a hankali. Mafi muni shi ne yawancin waɗannan ba su da launi, kuma a ƙaramin ma'aunin da ke cutarwa ba su da wari. Mu da rijiyarmu ta yi warin kananzir mun ma yi sa'a, an yi mana gargaɗi.

Kada a ce wannan ciwon ƙasashe matalauta ne. A sansanin sojan ruwan Amurka na Camp Lejeune, daga 1953 zuwa 1987 sojoji da matansu da 'ya'yansu sun sha ruwan da irin waɗannan sinadarai suka gurɓata, kuma sai a 2022 aka sa hannu kan dokar da ta ba su damar kai ƙara neman diyya. A Cape Cod ta jihar Massachusetts kuwa, hukumar kare muhalli ta ƙasar ce a 1997 ta umarci soja su dakatar da harba manyan bindigogi a filin atisayensu, saboda ruwan da jama'ar yankin ke sha yana ƙarƙashin filin, cikin yashi, kamar dai namu. Farar hula suka ce wa soja tsaya, soja ya tsaya. Wannan wurin na daɗe ina juya shi a raina.

Mu dawo gida. Babbar fashewar ma'ajiyar makamai da Nijeriya ta gani ita ce ta barikin Ikeja a Ikko, ranar Lahadi 27 ga Janairu, 2002, inda mutane fiye da 1,000 suka mutu, akasarinsu ba wuta ce ta ci su ba, a magudanar ruwan Oke-Afa suka nitse garin gudu cikin duhu. Bayan nan sai da ƙwararru daga Amurka da Ingila suka zo suka taya tsince bama-baman da suka warwatsu ba su fashe ba. A Gabas kuwa, yaƙin basasa ya ƙare a 1970, amma sai a watan Oktoba na 2017 Gwamnatin Tarayya ta amince a gaban kotun ECOWAS za ta biya Naira biliyan 88, biliyan 50 diyya ga waɗanda abin ya shafa, biliyan 38 don kwashe ragowar bama-bamai da gyare-gyare. Shekara 47 ke nan bayan an ajiye bindiga. A nan Barno ma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi ta buɗe aiki a Maiduguri tun 2018, ana wayar da kan jama'a kan abin da bai fashe ba. Wannan aiki ne mai kyau, kuma shi ne na farko a jeri, tunda ba a ɗibar samfurin ƙasa a inda bam ke kwance. Sai dai a ƙasar nan mun saba idan an tsince ƙarfen da ido ke gani sai a ce wuri ya tsarkaka, a kira dillalan filaye.

Ga shi kuwa tsofaffin wuraren soja sun yawaita a jihar nan fiye da kowane lokaci a tarihinta. Tun daga 2009 makarantu da sakatariyoyi da tashoshin mota nawa ne suka zama sansani na wata shida ko shekara biyar? A 2019 rundunar soja ta janye daga ƙananan sansanoni da dama ta tattara a manya, aka bar ramuka da ƙonannun motoci da wuraren zuba mai. Sansanin Baga kaɗai an ci shi da yaƙi a Janairun 2015, aka sake a Disambar 2018. Daga 2021 gwamnatin jiha ta shiga rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri tana mai da mutane garuruwansu, cikinsu har da 'yan uwanmu masunta da manoman bakin tafki, waɗanda abin da za su fara yi idan sun isa shi ne yashe tsohuwar rijiya ko haƙa sabuwa. Yaranmu 'yan gwangwan, waɗanda a nan ake ce wa 'yan ajakuta, su ne suka fi kowa sanin waɗannan kufai, domin su ke tonon ƙarfen da hannu, har gwamnatin jiha ta haramta sana'ar a 2023 bayan rayukan da aka yi ta rasawa a daji.

Sai kuma ruwa ya zo ya nuna mana cewa katanga ba ta tsare ƙasa. A daren 9 zuwa 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shafe Fori da Galtimari da Gwange da Bulabulin, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, ya kwashe namun gidan zu, ya haɗa masai da makabarta da gareji da rijiya ya dama su wuri guda. A watan Oktoba aka ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. An zuba sinadarin kilorin a rijiyoyi, kuma daidai ne, domin shi ke kashe ƙwayar cuta. Amma kilorin ba ya taɓa dalma, ba ya taɓa benzin, tafasawa ma ba ta fitar da dalma, sai dai ta ƙara mata kauri a tukunya. Wata bakwai da 'yan kwanaki bayan wannan ambaliya ne ma'ajiyar Giwa ta fashe, a bariki da ke maƙwabtaka da unguwannin da ruwan ya fara ci, ana saura 'yan makonni damina ta sauka.

To, shin ana iya gyara ƙasar da ta gurɓace? Ana iyawa, kuma ba sai mun je Turai neman misali ba, a ƙasar Hausa aka yi. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, aƙalla yara 400 suka rasu. Likitocin suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma ya yi rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa ciwon, sai an gyara gidan tukuna. Aka zo da wata na'ura ta hannu da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki nan take, aka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma da Abare da sauransu, mutanen garin da kansu suka kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, aka ɗura a buhuna aka kai rami na musamman aka binne, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa, aka sake aunawa. Bagega, wadda ta fi girma, ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi, yara na ta shan guba ana ta kai takarda ofis-ofis. Tudun harbi na bariki, aikinsa kusan iri ɗaya ne da wannan.

Ƙasar da albarushi ya ɓata kuwa, maganinta zai ba mai karatu dariya. A ma'ajiyar makamai ta Umatilla a jihar Oregon ta Amurka, a tsakiyar shekarun 1990, an tono ƙasa kusan tan 15,000 mai ɗauke da TNT da RDX, aka cakuɗa ta da kashin shanu da na kaji da ɗusar katako da ragowar dankali, aka jera kunya-kunya ana juyawa ana yayyafa ruwa, ƙananan halittun da ke cikin takin suka cinye gubar cikin 'yan makonni. Takin gargajiya ke nan, irin wanda kowane manomi ya sani, sai dai da awo da lissafi. Garin da ke da Kasuwar Shanu da zafin da ya isa ya tayar da albarushi ba zai rasa kayan wannan aiki ba.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne mai wuyar. Idan guba ta riga ta kai gare shi, sai an haƙa rijiyoyin gwaji an gano inda ta nufa, sannan a riƙa zuƙo ruwan ana tace shi ta cikin wani gawayi na musamman ana mayarwa, shekara da shekaru, injin bai tsaya ba. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya sami benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale da ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, ya kuma ce gyaran yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, da dala biliyan ɗaya a matsayin kuɗin somawa. Ba a ƙaddamar da aikin ba sai 2016. Wato kankare ƙasa tun tana sama aikin wata shida ne da fartanya, amma in aka bari damina goma ta wuce a kanta, ya zama aikin jikoki.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa ke da alhakin. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, amma ta ware waɗanda ke hannun Gwamnatin Tarayya da hukumominta, bariki kuwa yana cikinsu. Saboda haka ƙasar ta Abuja ce, ruwan da ke gudana a ƙarƙashinta kuma na duk wanda rijiyarsa ke gaba ne. Muna da dokar auna illar ayyuka ga muhalli tun 1992, muna da hukumar NESREA tun 2007, muna da Jami'ar Maiduguri da sashen nazarin ƙasa da na kimiyyar sinadarai a nan bakin hanyar Bama, tafiyar mintoci daga Giwa. A ganina abin da ya rage shi ne wanda zai tambaya, kuma mu baƙi mun saba da sunkuyar da kai a kan duk abin da ya haɗa da kaki, muna cewa ba garinmu ba ne. Wanda kakansa ya gangara duro a nan a 1941, aka binne cibiyarsa a Hausari, ban san wane gari kuma yake jira ba.

Ba rigima nake kira a yi da soja ba, su ma iyalansu a cikin barikin suke, ruwan nan suke sha, kamar yadda aka gani a Camp Lejeune. Abin da nake ba shugabannin al'ummarmu shawara, da ƙungiyar 'yan garuwa da masu rijiyoyin burtsatse na haya, shi ne su bi ta hannun bulama da lawani su nemi a auna ruwan rijiyoyin da ke kewaye da kowane bariki da kowane tsohon sansani, awon dalma da mai da sinadaran albarushi, ba na ƙwayar cuta kaɗai ba, sau ɗaya da rani sau ɗaya bayan damina, a kuma liƙa sakamakon a ƙofar mai unguwa inda kowa zai gani. Wanda kuma dillali ya kai shi fuloti mai araha a wurin da aka ce "da can sojoji ne a nan", kafin ya biya kuɗin shaida ya tambayi tsofaffin wurin ina ne garejin yake, ina ake zuba mai, ina ake harbi, ina ake ƙona shara. In zai haƙa rijiya, ya ɗebi ruwan farko a kwalba mai tsabta ya kai ɗakin gwaji kafin a ba yaro ya sha.